Zauren 'Yan Gem: In tsaya a kan aikin da na iya, ko in riƙa cike gurbi ko'ina?

Jama'a barkanmu da warhaka, ya sanyin Jos. Saƙonni sun taru a wannan karon, kuma da na zauna karantawa sai na ga yawancinsu rigima ɗaya ce ta sako riga daban-daban, wato wa zai riƙe wane aiki a cikin tim, shi ya sa masu tambayar waya mai zafi da masu neman dabarar tattalin data ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba. Kamar kullum na cire sunaye na bar unguwa kawai don kar a je majalisa a tasa mutum gaba.

Tambaya: Salam Yaya, da fatan kana lafiya ya sanyi. Ni ɗalibi ne ina zaune a Angwan Rogo, shekara uku kenan ina buga Call of Duty Mobile kuma tun da na fara sinaifa nake riƙewa, wato bindigar harbin nesa, DL Q33 ce bindigata, da ita na kai Legendary, matakin ranki mafi girma a gem ɗin, ba sau ɗaya ba, ba alfahari ba. To yanzu na shiga wani kilan, wato ƙungiyar 'yan gem, muna shirin wata 'yar gasa, kyaftin ɗinmu ya ce wai akwai sinaifan da ya riga ni shiga saboda haka ni in ajiye tawa in ɗauki QQ9, bindigar feshi ta faɗan kusa, in riƙa kutsawa cikin tudu a Hardpoint, wasan da tim ke tara maki ta hanyar riƙe wani wuri da ake ce wa tudu, na gwada kwana biyu wallahi kamar ban taɓa riƙe waya ba mutuwa kawai nake yi har yara suna min dariya. Shin in fita in nemi kilan ɗin da za su bar ni da abin da na iya ko in haƙura? Don ni a ganina mutum ya tsaya kan abin da ya ƙware ya fi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Sanyi kam sai godiya, jiya bayan asuba na ɗauki waya yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa, duk wanda ya ci ranki a garin nan kafin hantsi ya cancanci a ƙara masa maki.

Bari in fara da inda kake da gaskiya don kar ka ce na haɗa kai da kyaftin ɗinku. Zama wuri ɗaya shi ke haifar da gwani, wannan babu ja. Duk mai bin League of Legends ya san Faker, ɗan Koriya ta Kudu da ke buga wa T1, tun 2013 da ya fara layin tsakiya, cikin layuka uku na taswirar gem ɗin, yake riƙewa har yau bai gusa ba, a wannan layin ya ɗauki kofin duniya a 2013 da 2015 da 2016, aka yi shekaru ana cewa ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ya dawo ya ɗauka a 2023 da 2024 da 2025. Amma ga inda nake so ka buɗe kunne, Faker wuri ya riƙe, bai riƙe jarumi ɗaya ba. Jaruman da ya buga a gasa gommai ne, yau ya ɗauki mai kisa gobe ya ɗauki irin su Galio da aikinsa kai wa 'yan'uwa ɗauki, duk dai a layin nan. Kai kuma da na karanta saƙonka sau biyu ban ga inda ka ce ga aikin da nake wa tim ba, cewa ka yi DL Q33 ce bindigata. Bindiga fa kaya ce, ran da masu gem suka ga dama su rage mata ƙarfi a ofdet ɗaya, ko masu shirya gasa su ce ba a yarda da kaza da kaza ba, shikenan sai ka naɗe hannu?

In aka cire bindigar daga aikin sinaifa me ya rage? Sanin dogayen layukan kowace taswira, haƙurin laɓewa a inda wani ba zai iya yin daƙiƙa goma ba, sanin ta ina mutum zai ɓullo tun kafin ya ɓullo, da saurin gaya wa 'yan'uwa abin da ka hango. Wannan duk ka tara shi cikin shekara ukun nan kuma ba ofdet ɗin da zai ƙwace maka. A Hardpoint tudun yana tashi kusan duk bayan minti ɗaya ya koma wani wuri, kuma sau da yawa za ka ga tim ta fi yawan kisa amma ta sha kashi, saboda abokan karawarta sun riga ta isa sabon tudu kuma sun riƙe ɓangaren da za su riƙa farfaɗowa kusa da shi, su kuma waɗancan duk mutuwa sai sun yi gudun fanfalaki daga ƙarshen taswira. Mai tsayawa baya ya riƙe wannan ɓangaren shi ake ce wa anka, ba ankon biki ba, kuma babban sharaɗinsa kar ya mutu a banza, kar kuma kwaɗayin kisa ya ja shi ya bar wurinsa. Ka ji wannan siffar, ba kai ba ne?

To kuskuren kyaftin ɗinku a nan yake, ya ɗauko mai haƙuri ya jefa shi aikin masu rawar kai. Daga sinaifa zuwa mai kutsawa tudu da bindigar feshi tafiya ce mai nisa, kamar a ce wa gola ya fito ya buga lamba tara. Daga sinaifa zuwa anka kuwa katanga ɗaya ce tsakani, ka ɗauki bindiga mai cin matsakaicin zango irin su Kilo 141 ko M13, idonka da haƙurinka su yi sauran. Je ka same shi ka ce Oga na yarda in sauka daga sinaifa a Hardpoint amma anka zan riƙe, a Search and Destroy kuma, wasan dasa bam da in ka mutu sai zagaye na gaba, a gwada mu ni da wancan a taswira uku ko huɗu, Standoff da Crash da Raid misali, wanda ya fi ɗauke mutumin farko a zagaye shi ya riƙe. Wannan magana ce ta adalci.

Amma batun sinaifa biyu a tim ɗaya kam yana da gaskiya, mutum biyar ne ku, in biyu suka kwanta a baya suna leƙe su waye za su shiga tudun? Ko a Counter-Strike da bindigar sinaifa, wato AWP, ta fi ko'ina daraja, kuɗinta dala 4,750 ne a cikin wasan, kuma yawancin manyan tim mutum ɗaya suke saya wa. Sannan s1mple ɗan Yukren da ya ci babbar gasar Stockholm a 2021 tare da NAVI, wanda duniya ta san shi da AWP, in kuɗi ya yi kasa ya ɗauki AK ko ma ƙaramar bindigar hannu ba ka isa ka ce an samu sauƙinsa ba.

Ba zan ɓoye maka ba canjin aiki yana da tsada, mu 'yan Jos mun fi kowa sani. Mikel Obi ɗan garin nan ne, a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2005 wasan lamba goma ya buga har aka zaɓe shi na biyu bayan Messi, ya je Chelsea a 2006 Mourinho ya mayar da shi gaban masu tsaron baya yana tare ƙwallo yana miƙawa gefe. Har gobe in ka tayar da zancen a gidan kallon ƙwallo sai an rabu gida biyu, kuma ni ina cikin masu jin haushi, ina ganin an binne mana wani abu da ba mu gama gani ba. Sai dai kuma a wannan aikin da aka ɗora masa ya yi sama da shekara 10 a kulob ɗin da ke sauya 'yan wasa kamar riga, ya ɗaga kofin zakarun Turai a 2012. A gem ma an yi irinta, a League of Legends Perkz yana cikin gwanayen layin tsakiya a Turai amma a 2019 ya sauka ya bar wa Caps wurin ya koma layin ƙasa don tim ɗinsu G2 ta haɗa su biyun, a shekarar suka ci MSI, babbar gasar tsakiyar shekara, suka kai wasan ƙarshe na duniya a Faris, inda FunPlus Phoenix ta doke su 3 da 0. Daga baya ya koma tsakiyarsa, wato son wurin bai taɓa fita ransa ba, ya dai ajiye ne da ya ga akwai abin da za a ci.

Kwana biyu kuma ba gwaji ba ne ƙanena, shekara uku ka ba waccan. Ka gyara saurin juya kyamara na sabuwar bindigar daban da na sinaifa, ka yi ta bugawa a wasan da ba na ranki ba kamar mako uku, yaran da ke dariya ka bar su su yi. In gasar saura 'yan kwanaki ne to ka gaya wa kyaftin ba a fafe gora ranar tafiya, ko ka zauna benci a wannan ko a bar ka inda ka saba. In kuwa ya ƙi ko da gwajin da na faɗa saboda wancan abokinsa ne, to sai ka tattara.

Tambaya: Yaya barka da aiki. Ni matsalata kishiyar ta mutane ce, Mobile Legends nake bugawa kuma ni ba ruwana duk inda aka bari nan nake shiga, yau tanki mai shan duka a gaba, gobe jangul mai farautar dodannin daji, jibi mai kibiya, jarumai sun fi arba'in da na saya kuma kowanne ina ɗan taɓawa, amma kaka uku kenan ina rankin Epic na kasa fita, abokina kuma da bai iya komai ba sai jarumi biyu ya wuce ni yana Mythic. Ina adalci a nan? Daga Bukuru.

Amsa: Adalcin kenan ɗan'uwa, shi ne dai bai maka daɗi ba. Ka taɓa kai mota Dilimi? Akwai mai inji, akwai rewaya, akwai mai bugun jiki, akwai mai faci can bakin titi. In wani ya tare ka ya ce shi duka yana yi, kuma ka tambaye shi wanne ya fi ƙwarewa ya ce ai duk ɗaya ne, wallahi ba za ka ba shi makullinka ba. Wanda ake girmamawa a gareji shi ne wanda ya yi shekaru a kan inji har ya san shi kamar yunwar cikinsa, sannan saboda daɗewa yana iya jin ƙarar mota ya ce wannan ba tawa ba ce kai wa rewaya.

Yi lissafi da kanka, in kana buga wasa biyar a rana, a wata 150 kenan, ka raba wa jarumi 40, kowanne bai samu huɗu cikakku ba. Abokinka kuma kowane jarumi nasa ya samu 75. Shi ya daina tunanin wane maɓalli zai danna tun tuni, yatsunsa ke yi, kansa ya samu sararin kallon ƙaramar taswira, ya san minti biyu kunkuru, dodon da ake rububin kashewa don lada, zai fito, ya san ɗan jangul ɗin abokan gaba ya ɓace daga gani to yana hanya. Kai kuma kana can kana tuno ko wannan fasaha ta biyu ce ke ja ko ta farko. Taura biyu ma an ce ba ta taunuwa balle arba'in.

Akwai kuma wata magana da ba za ka so ba amma zan faɗa, na daɗe ina lura da yawa daga masu cewa su ko'ina suna bugawa mafaka suka samu, in an ci su sai su ce ai dama ba aikina ba ne cikewa kawai na yi. Wanda ya ce ni ɗan jangul ne ba shi da wannan ƙofar, in aka sace masa Lord, babban dodon taswira, kowa ya san wa za a kalla, kuma wannan kunyar ita ke koya wa mutum.

Abin da zan ce ka yi, zaɓi aiki ɗaya da jarumi uku. Uku saboda a manyan ranki ana toshe jarumai kafin a fara, za a iya toshe ɗaya, abokan gaba su riga ka ɗaukar na biyu, sai ka samu na ukun da za ka fito da shi. Sannan aiki na biyu da jarumi biyu, kuma na biyun ya zama wanda mutane ke gudu, yawanci tanki mai yawo, Tigreal ko Khufra sun isa. Ko League tun 2016 aiki biyu take tambayar mutum kafin ta haɗa shi wasa, kuma duk da haka wani lokaci sai ta jefa ka inda ba ka zaɓa ba in an rasa mai yi. Shekarun da ka yi kana taɓa ko'ina ba su tafi a banza ba, ka san abin da kowane layi ke buƙata fiye da abokinka, kuma manyan gasa ma sun fara matsa wa masu jarumi ɗaya, a 2025 League ta kawo tsarin da in an buga jarumi a wasa ɗaya ba a sake ɗaukarsa a sauran wasannin wannan karawar. Amma wancan matsalar manya ce, kai taka fita daga Epic.

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni mace ce daga Rikkos, ina buga Mobile Legends da yayyena da abokansu, matsalar kullum ni ake ba Estes ko Angela wai mata safot ya dace da su, wato tallafa wa 'yan tim, ni kuma jangul nake so, na koyi Ling a ɓoye har ina cin wasa da shi in ni kaɗai nake bugawa amma in na faɗa sai su yi dariya su ce in dai riƙa ba su jini. Ko dai in haƙura tunda an ce na iya safot ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki haƙura. Waya ba ta san hannun mace da na namiji ba, kuma wanda ya iya Ling da hawa katangunsa ya wuce a ce masa zauna ki ba da jini. Kowa da kiwon da ya karɓe shi gaskiya ne, amma mai kiwon ne zai gano wanda ya karɓe shi, ba maƙwabta za su yanke masa ba.

Sai dai ina so in raba miki abu biyu da suka cakuɗe. Raina ki da suke yi daban, raina safot da su da ke kuke shirin yi daban. CoreJJ mai harbi ne da farko, ya koma safot ya ci kofin duniyar League a 2017 da Samsung Galaxy, a tim ɗin nan kuma ɗan jangul ɗinsu Ambition tsohon ɗan layin tsakiya ne, su suka doke su Faker 3 da 0 a wasan ƙarshe. A Dota 2 N0tail ya bar matsayin mai cin gonar tim, wato wanda ake tara wa ƙarfi don ya yi kisa, ya koma safot na ƙarshe a 2018, tim ɗinsa OG ta ci babbar gasar duniya The International a shekarar ta sake ci a 2019. Waɗannan ba don an raina su suka sauya aiki ba, shi ne bambancinsu da ke.

Kuma ki sani zaman safot ɗin nan ya ba ki abin da yawancin sabbin 'yan jangul ba su da shi, kin saba kallon taswira maimakon kallon jaruminki, kin san wane layi ne ke shan wuya, kin san lokacin da ake taruwa a kunkuru. Abin da ya rage ki goge shi ne bugun Retribution, maɓallin ƙarasa dodo, a kan lokaci da tsarin cin dodannin daji ba ɓata daƙiƙa. Ki ɗauki hoton alƙaluman wasanninki da Ling ki tura musu a guruf, ki ce wasa biyar kawai nake nema a jangul, wanda yake riƙe da shi ya karɓi Estes ya ɗanɗana. In sun ƙi ki riƙa hawa rankinki ke kaɗai ko da wasu, ran da kika wuce su da kansu za su zo. Ga yayyen kuma in suna karantawa, haba samari, ku ji kunya mana.

Tambaya: Oga ni ne kyaftin ɗin sikwad ɗinmu na Free Fire a Gangare, mu huɗu ne kuma kowa rasha yake so ya zama, wato mai kutsawa gaba, da mun sauka kowa ya kama gabansa minti biyar an share mu. Na ce a raba aiki kowa ya riƙe nasa sun yarda, to sai wata matsalar ta fito, ran da ɗaya bai zo ba ko an ɗauke wuta wayarsa ta mutu sai komai ya rushe don ba wanda ya iya aikinsa. Yaya ake yi?

Amsa: Kyaftin sannu da ƙoƙari, ka yi rabin aikin. Wannan ta biyun ita ce tamu ta nan gida da ba za ka ji Turawa suna kuka da ita ba, su suna da 'yan benci da koci da wutar da ba ta ƙiftawa, mu kuwa sinaifanka yana tsakiyar wasa za a ƙwala masa kira a aike shi cefane. Ni kaina ta taɓa cin mu, wata 'yar gasa a wani gidan gem, mai ba mu umarni datarsa ta ƙare ana saura tim uku, muka tsaya cirko-cirko kowa na jiran a ce masa ga inda za a bi, da'irar da ke matse filin wasa ta zo ta cinye mu ko harsashi ba mu harba ba. Tun ranar na daina yarda da tim ɗin da kowane aiki mutum ɗaya tak ya iya shi.

Ka bar kowa da babban aikinsa yadda kuka raba, mai kutsawa, mai bin bayansa, mai harbin nesa, da mai ɗaukar kayan jinya da bangon gulu, wato katangar kariya da ake jefawa, yana tayar da wanda ya faɗi. Amma kowane aiki a sa masa magaji, wato kowa yana da na farko yana da na biyu, kuma rana ɗaya a mako ku buga kowa a na biyunsa ko da za a yi ta cin ku. Ribar ba ta tsaya a ranar da wani bai zo ba, rashan da ya taɓa zama mai tayar da mutane ya ga yadda ake shan wahalar zuwa ɗauko wanda ya faɗi a fili ba mafaka, gobe da kansa zai rage haukan shiga. Abu ɗaya ne ban yarda a raba ba, bakin da ke ba da umarni, a cikin wasa murya ɗaya ce, magajin ya yi shiru sai in ta farko ta ɗauke.

Wajen rabon kuma ku duba waya da netwok ba zuciya kaɗai ba. Wanda wayarsa ke ɗaukar zafi tana sarƙewa in an haɗu da mutane da yawa, ko unguwarsu sabis na rawa, kar a ba shi kutsawa, a faɗan kusa ɗan jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba shi ke raba mai rai da gawa, a ba shi nesa ko tallafi inda lagin bai cika kisa ba. Na san za a yi gardama a nan don kowa gani yake wayarsa ce sarauniya.

Kuma kar wani ya gina aikinsa kan jarumi ɗaya. Kun tuna Chrono da aka kawo a Disambar 2020 da fuskar Cristiano Ronaldo? Lokacin kowa shi yake ɗauka, ka kunna garkuwa kana harbi daga ciki ba a taɓa ka, Garena ta bi shi tana rage masa ƙarfi ofdet bayan ofdet, waɗanda rashancinsu duka garkuwar ce sai ga su tsirara. A Overwatch ma an yi zamanin da manyan tim suka koma tanki uku da safot uku, gwanayen harbi da yawa ko su koyi sabon aiki ko su ɗumama benci, har sai da Blizzard ta kafa dokar tanki biyu, masu harbi biyu, safot biyu a 2019.

Tambaya: Malam ni ba yaro ba ne, shekarata 34 ina da shago a Terminus da iyali, da dare nake ɗan buga PUBG Mobile da yaran shagona. Da ni ne mai shiga gaba amma yanzu na lura hannuna ba ya kai nasu sauri, kuma ba ni da lokacin atisaye. In ajiye ne?

Amsa: Alhaji ina za ka? Ai yanzu ka kai shekarun aikin da ya fi wuyar samun mai yi. Karrigan ɗan Denmak yana da shekara 32 ya ja FaZe suka ci babbar gasar Counter-Strike ta Antwerp a 2022, kuma ba shi ne mai yawan kisa a tim ɗin ba, shi ne mai cewa a bi nan a bar can. Bar wa yaran shiga gaba, kai ka karɓi sitiyari da taswira, ka san inda za a sauka, yaushe za a tashi kafin da'ira ta matse, wane gida za a kama, wane faɗa ne ba riba a wuce shi. Wanda ya iya sanin ranar da zai saro kaya da ranar da zai jira farashi ya sauka ba wannan ne zai gagare shi ba. Bindiga ɗaya mai sauƙin riƙewa irin M416 ta ishe ka, ka cika jaka da hayaƙi don tayar da su in sun faɗi. Abin da zan roƙa kawai, in yaro ya yi kuskure a gem da dare kar a cire masa a kuɗin abincin gobe.